Filin Gwaggo: Ruwa Ba Ya Tsami Banza

 Wasiƙu biyu na zaɓo wannan makon, ɗaya daga Maska, ɗaya daga Malumfashi, kuma dukkansu ƙarnin kifi suke yi. Wanda ba ya kiwon kifi ma kada ya tashi, don akwai rabonsa a ciki.

Wasiƙa ta farko

Assalamu alaikum Gwaggo. Ina gaisuwa, ya gida, ya fama da jama'a? Ni matar aure ce a Maska, 'ya'yana huɗu, gida ɗaya muke da abokiyar zamana da kuma Iya, mahaifiyar maigidanmu. Da na kwashi adashi bayan kaka, sai na haɗa da kuɗin tumakina biyu na sayi tankin tamfol, tsawonsa mita 3, faɗinsa mita 2. Na kafa shi a bayan ɗakina, na zuba 'ya'yan tarwaɗa 1,000. Watannin farko komai lafiya lau, har mata na shigowa kallo.

Da zafi ya kankama sai rijiyarmu ta ja baya. Ya zama ko a sayi ruwa wurin 'yan ga-ruwa, ko a tayar da janareto a jawo na burtsatse, maigida kuwa ya fara ƙorafin kuɗin mai. Iya ta ce ai tarwaɗa kifin taɓo ce, ko a kududdufi rayuwarta take yi, in daina ɓarnar ruwa. Na bar ruwan kwana goma. Ya yi baƙi, ya yi kumfa, gida ya ɗauki wari, kifayen suka daina cin abinci, suka tsattsaya gashin bakinsu a sama. Wajen 30 suka mutu. Hankalina ya tashi. Da tsakar rana na kwashe su duka na zuba a baho da robobi, na zubar da ruwan kaf, na wanke tankin tas da omo, na cika shi da ruwan famfo da 'yan ga-ruwa suka kawo. Na mayar da su, na zuba musu abinci mai yawa don su farfaɗo. Gari na wayewa na tarar sama da 200 sun mutu.

Abin da ya fi ci mini rai, Gwaggo, kwana kaɗan kafin a fara wannan mutuwa abokiyar zamana ta leƙa tankin ta ce kifayen sun yi ɓul-ɓul, ko masha Allah ba ta ce ba. Tun ranar ba na amsa gaisuwarta. Ga maƙwabcinmu ya kai ƙara wurin mai unguwa kan ruwan da ke bi ta ƙofar gidansa. Maigida ya ce in naɗe tamfol ɗin in sayar. Ba na iya barci. Baki ne ya kama ni? In bari ko in ci gaba?

'Yarki mai damuwa, Maska.

Amsar Gwaggo

Wa'alaikumus salam ɗiyata. Sannu, Allah ya mayar miki da mafificin alheri. Asarar abin kiwo tana da ciwo, balle wadda aka tara kuɗinta kwabo-kwabo, aka hana kai sabon zani ana zubin adashi. Duk macen da ta taɓa wayar gari ta tarar da kajinta a zube ta san irin daren da kike kwana ido biyu. Ki yi kukanki, ba laifi. Amma ki share hawaye ki gyara zama, don maganata ba duka ce mai daɗi ba.

Ki tashi ki gaida abokiyar zamanki. Yau ɗin nan.

Baiwar Allah ba ta kashe miki kifi ko ɗaya ba. Da hannunki kika rubuto mini kwana goma babu canjin ruwa, kika rubuto omo, kika rubuto ruwan famfo da tsakar rana. Sannan kika tsallake waɗannan duka kika je kika kama bakin wadda ta yaba miki. Haba ɗiyata! Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Addu'a da neman tsari ki riƙe su safe da yamma, kowane mai dukiya yana bukatarsu. Amma ruwa ba ya tsami banza, naki kuwa dalilinsa a fili yake. Kifi 200 kuɗi na mayar da su. Gabar da ta shiga tsakanin ɗakuna biyu kuwa 'ya'ya ke gadonta, su girma ba sa shan inuwa ɗaya alhali ubansu guda.

Mu zo kan maganar Iya. Akwai gaskiya a cikinta. Allah ya yi wa tarwaɗa wata halitta a cikin kanta da take iya shaƙar iska daga sama, shi ya sa kike ganinta da rai a bahon mai kifi bayan karfasa ta daɗe da mutuwa. Sai dai tarwaɗar da Iya ta sani ta dam ɗin Mairuwa ce, ko ta Gwaigwaye, ko ta kududdufin bayan gari. Can ruwa na da faɗi, kifi na da ƙaranci, ciyawa da taɓo na shanye ƙazanta, kuma ba mai auna mata abinci sau uku a rana. Naki guda 1,000 ne a wurin da bai kai ɗakin girki ba. A ruwan nan suke ci, a nan suke kashi, a nan suke numfashi. Kada ki je ki ce wa tsohuwa ita ta jawo miki asara. Uwar miji uwa ce, kuma tausayin aljihun ɗanta ta ji.

Ga abin da ya faru a kwanakin nan goma. Abincin kifi na buhu yana da gina jiki sosai, kuma duk abin da kifi ya ci, jikinsa yana fitar da wata guba da ake kira amoniya. Yawancinta ta jan naman nan na ƙarƙashin kumatunsa take fita, wanda da shi yake shaƙar iskar cikin ruwa. Masana kiwon kifi kan ƙiyasta cewa kowane kilo 1 na abinci yana barin kimanin giram 30 na wannan guba a ruwa. Ga kashi, ga ragowar abincin da ya nutse yana ruɓewa yana cinye iskar ruwan. Zafin bazara kuma yana ƙara wa amoniya ƙarfi, yana rage iskar da ruwa ke iya riƙewa. Gubar nan ba ta da launi, kafin hancinki ya ji wari ta daɗe tana ƙona musu wurin numfashi. Tsayuwar da kika ga sun yi gashin baki a sama, kuka suke yi miki.

Sai ranar da kika wanke tankin, wadda ta fi muni. Ke da kika yi jego huɗu, kin taɓa ciro jariri daga ruwan ɗumi ki tsoma shi a na randa? To abin da kika yi wa kifayen ke nan. Jikinsu ya saba da ruwan nan a hankali, duk da lalacewarsa, da ɗuminsa da tsaminsa. Kika ɗauke su a galabaice, kika cusa su a robobi suna bugun juna, yauƙin da ke kare fatarsu ya goge. Ragowar omo ta ƙarasa wanke shi. Ruwan famfo yana zuwa da kulorin, maganin da ake zubawa don kashe ƙwayoyin cuta, mu yana tsare mu, kifi kuwa yana ƙona shi. Kika rufe da abinci mai yawa ga cikin da ba ya iya narkarwa. Niyyarki mai kyau ce, gaggawa ce ta ɓata ta.

Yanzu ki buɗe kunne, don a nan maganar take. Yawan canjin ruwa ba ya kashe kifi. Akwai manyan masu kiwo da ruwa ke shiga tankinsu ta gefe yana fita ta gefe dare da rana, kifinsu kuwa sai girma. Abin da ke kashewa shi ne bambanci tsakanin tsohon ruwa da sabo. Wadda ke canjawa kullum daga rijiya ɗaya, ruwan jiya da na yau kusan abu guda ne, ko ta zubar da kashi biyu cikin uku kifi ba zai ji komai ba. Wadda ta bari sai ya ruɓe sannan ta juye shi gaba ɗaya, ita ce ke kwasar gawa. Saboda haka in an makara, a hankali ake gyarawa: kashi ɗaya cikin huɗu da safe, wani da yamma, haka har kwana biyu ko uku, ba tare da abinci ba.

Ga tsarin da za ki bi daga yau.

Kada ki sake fitar da kifi don wanke tanki. Sabulu, omo da bilic kada su kusanci wurin. Soso mai tsabta da ruwa zalla sun isa.

Ta ƙasa ake zubar da ruwa, don a nan dattin yake kwance. Ki bar wanda zai rufe musu baya, sannan ki ƙara sabo.

Da sassafe ko da yamma ake canji, kafin a ba da abinci. Bayan canji ki dakata kamar awa guda su natsu.

Ki taɓa ruwan biyu da bayan hannunki. In kin ji bambanci, ki jira. Tarwaɗa ta fi son ɗumi tsakanin digiri 26 zuwa 30, kuma ma'aunin zafi ba shi da tsada. Da hunturu, lokacin da sanyin dare a yankin Funtua kan sauka ƙasa da digiri 15, za ki ga cinsu ya ragu. Ki rage abinci, ki rufe tankin da dare, ki jinkirta canji har rana ta ɗaga.

Ruwan famfo ya kwana ya wuni a buɗe kafin ya shiga tanki. Na burtsatse ba shi da kulorin, amma yana fitowa da ƙarancin iska, don haka ki ɗaga tiyo ya riƙa zubowa daga sama yana fantsama.

Ki ba su abin da za su cinye cikin minti 10 zuwa 15. Ranar da babu ruwan canji, babu abinci. Yunwar yini ɗaya ba ta kashe tarwaɗa, ƙoshi a ruɓaɓɓen ruwa na kashe ta.

Wanda ya mutu a cire shi nan take a binne. Kada ki fasa kafso na kemis ki zuba a tanki don wata ta ce ta gwada. Kifin nan cikin 'ya'yan mutane zai shiga.

To sai lissafin da ya kamata ki yi tun kafin ki sayi tamfol. In ruwan tankinki ya kai zurfin mita 1, lita 6,000 ke nan, wato jarka 240 mai cin lita 25. Rabinsa jarka 120. Kurar da ke ɗaukar jarka 12 sai ta yi sawu goma. Kifi kuma yana girma cinsa na ƙaruwa, canjin da ya ishe shi bayan kwana biyu yana ƙarami, in ya tasa kullum yake so. Kin ƙirga kifi, kin ƙirga buhunan abinci, ruwa kuwa kin bar shi ga rijiyar da kin san halinta duk bazara. Tun ran gini tun ran zane, ɗiyata.

Saboda haka ba zan ce ki bari ba, amma ki rage. Ki tace su, manya daban ƙanana daban, don tarwaɗa na cin 'yar'uwarta. Waɗanda suka kai sayarwa ki sayar, ko ki yi banda, kifin banda ba ya kwantai a kasuwar Funtua. Ki bar daidai abin da ruwanki zai iya ɗauka. Kifi 300 masu rai da ƙiba sun fi 1,000 da ake kwasa da kwando ana binnewa. Zubi na gaba ki daidaita shi da damina, yadda girmansu zai zo lokacin da rijiya take cike.

Maƙwabcinki kuwa yana da gaskiya, kuma ke ma kin sani. Ba wanda zai so ya fito sallar asuba ya taka ruwan ƙarni a ƙofar gidansa, ga sauro na haihuwa a kwata yana kai wa 'ya'yansa zazzaɓi. Haƙƙin maƙwabci ba abin wasa ba ne. Ki roƙi maigida ya je ya ba shi haƙuri a gaban mai unguwa, ke kuma ranar da kika kwashe kifi ki aika wa iyalinsa manya guda biyu. Ruwan da kike zubarwa a titi taki ne da manoman rani ke sayen irinsa da kuɗi. Ki ja shi da fayif zuwa 'yar lambu a bayan gida, ki shuka alayyafo, rama, kuɓewa da zogale, ki dasa ayaba ko gwanda. A gindi ake zuba shi, kuma duk ganyen da za a ci ɗanye a wanke shi da kyau. Abin da ya yi saura a haƙa masa rami a cika da duwatsu, nesa da rijiya.

Maigida ma kada ki riƙe shi a rai. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kowane magidanci sai ya yi tunani kafin ya ja igiyar janareto. Ki same shi bayan ya ci ya ƙoshi, da takardarki a hannu: ga abin da ya rage, ga abin da zan sayar, ga kuɗin ruwa na wata, kuma daga cinikin kifi za a riƙa sayen mai. Namiji ya fi jin lissafi fiye da kuka. In kuna son ƙarin sani, hukumar aikin gona ta jiha, KTARDA, tana da ofishin shiyya a Funtua da malaman gona, ga cibiyar wayar da kan manoma, NAERLS, ta Jami'ar Ahmadu Bello a Samarun Zariya, ga kuma cibiyar binciken kifin ruwa mai daɗi da ke New Bussa a Jihar Neja. Matambayi ba ya ɓata.

Wasiƙa ta biyu

Salam Gwaggo. Ni magidanci ne a Malumfashi. 'Yata ta haddace izu biyar, sai na sayo mata ƙananan kifayen ado masu launi a cikin akwatin gilashi, da 'yar na'ura mai soso da ke tace ruwan. Kowace Juma'a nakan zubar da ruwan duka, in wanke duwatsun da soson a bakin famfo har su yi fes. Amma bayan kwana biyu ruwan sai ya yi hazo, kifayen suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Yarinyar tana kuka tana cewa laifinta ne. Me zan yi?

Ɗanki, Malumfashi.

Amsar Gwaggo

Ɗana, Allah ya yi wa yarinyar nan albarka, ya sa ta sauke, kai kuma ya saka maka da irin wannan kulawa. Tsabtarka ce ta yi yawa. A cikin soson nan da duwatsun akwai wasu ƙwayoyin halitta masu amfani da ido ba ya gani, aikinsu su mayar da amoniya wani abu mai sauƙin illa. Sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su yi yawan da za su iya aikin. Kai kuwa kowace Juma'a sai ka kashe su da ruwan kulorin, a koma farko.

Ka daina zubar da ruwan duka. Kowane mako ka zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu ko cikin uku ta ƙasa da siririn tiyo, ka ƙara wanda ya kwana a bokiti a ɗakin. Soson ka matse shi a cikin ruwan da ka cire, ka mayar da shi da ɗan duhunsa. Abinci ɗan kaɗan, abin da za su cinye cikin minti biyu. Yawancin irin waɗannan kifaye ba su da baiwar tarwaɗa ta shaƙar iskar sama, don haka in wuta ta daɗe ba ta dawo ba, a riƙa ɗiban ruwan da kofi ana zubowa daga sama.

Sannan ka zaunar da 'yarka ka faɗa mata ba laifinta ba ne. Yaro yakan ɗauki irin wannan nauyi ya ajiye a zuciya shekara da shekaru. Ka sa ta riƙe bokiti ranar canji, ta ga yadda ake kula da rai.

Gare ku duka

Yanzu na juyo gare ku, 'ya'yana na Maska da Funtua, Bakori, Danja, Dandume, Kafur da Malumfashi. Ina jin daɗin yadda mata suka tashi da neman na kansu, kuma kiwon tarwaɗa sana'a ce mai rufin asiri. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen kiwon wannan kifi, kuma kasuwarsa ba ta mutuwa. Amma ku 'ya'yan manoma ne. Ba wanda ke zuba irin masara bai san gonar da zai shuka ba. Kafin ki tambayi kuɗin 'ya'yan kifi, ki tambayi kanki daga ina ruwa zai fito a watan Afrilu, nawa ne kuɗinsa, kuma ina zai bi in an zubar. In ba ki da amsar ukun nan, ki ajiye kuɗinki tukuna. In ruwanki kaɗan ne, ku haɗu ku uku ko huɗu kusa da burtsatse mai sola, ku raba aiki ku raba riba.

Wanda ya killace mai rai ya ɗauki amanarsa. Akuya in ta ji ƙishi takan yi kuka har a ji, kifi kuwa ba shi da murya, kuma ba shi da inda zai gudu. Ki riƙa tsayawa a bakin tanki kowace safiya kafin ki ɗora tukunya. Ki duba launin ruwan, ki shinshina, ki ga yadda suke rububin abinci. Ranar da suka yi sanyi, ruwa za ki fara tuhuma.

Kuma in asara ta zo, don takan zo wa kowa, a binciki sababi kafin a ambaci sunan mutum. Gidaje da yawa sun watse kan zargin da ba shi da tushe, aka raba zumunci kan abin da bokitin ruwa zai gyara. Ku kuma maza, in matarka ta faɗi a sana'a, ka kama hannunta ku yi lissafi tare. Ribar nan a tukunyar gidanka za ta ƙare.

Ɗiyata ta Maska, ina jiran wasiƙarki bayan kin kwashe kifi, ki faɗa mini nawa kika samu, da yadda kuke da abokiyar zamanki. Allah ya sa albarka a nemanku, ya zaunar da gidajenmu lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

Taku,
Gwaggo